Kan Sarkin da Ban Aika wa Baba Injiniya Ba

Ranar Talata da safe ina cikin bas daga Withington, unguwarmu a Manchester, zan tafi wurin aiki, wayata ta yi ƙara. Sunan Zainab na gani, 'yar Baba Injiniya. Zainab ba mai kiran waya ba ce, duk abin da za ta faɗa rubutowa take yi, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba.

"Yaya Nura," ta ce. Ina jin hayaniyar mutane a bayanta. "Daddy ya tafi. This morning. Ya dawo daga masallaci, ya zauna a kujerarsa yana jiran shayi, shi ke nan."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na maimaita, na sauka a tashar da ba tawa ba, na tsaya cikin yayyafi ban san inda zan nufa ba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa mai ta'aziyya kyau ba: abin da ya fara taso mini ba kuka ba ne, haushi ne. Haushin kaina, da haushinsa shi ma, Allah ya jiƙansa. Na yi masa alkawarin zan je Birmingham ranar Asabar mai zuwa, kuma sau uku ke nan ina ɗaga zuwan.

Ga wanda bai san shi ba, Injiniya Garba mutumin Ƙaura Namoda ne. Ya zo ƙasar nan ta Turawa yana saurayi don karatun aikin jirgin ƙasa, da niyyar ya yi shekara uku ya koma gida, sai ga shi ya yi aiki a sashen sigina har ya yi ritaya, ya aurar da ɗa, ya ga jikoki. Idan aka tambaye shi yadda aka yi, yakan ce, "Ɗibar wuta na zo, sai aka ba ni murhu." Gidansa yana unguwar Perry Barr a Birmingham, kuma a cikin 'yan Arewa da suka yi karatu a Birmingham da wuya ka sami wanda bai taɓa cin tuwon Hajiya Binta, mai ɗakinsa, ba.

Ni a tashar jirgin ƙasa ta New Street a Birmingham na fara ganinsa. Na iso daga gida don karatun digiri na biyu, na tarar ɗakin da aka yi mini alkawari an ba wani. Ina tsaye da jaka biyu, ban san kowa ba sai lambar waya guda da wani abokina ya rubuta mini a bayan takarda. Na kira ina jin kunya. Ba a yi minti arba'in ba sai ga wani dattijo siriri da hula zanna da ƙatuwar rigar sanyi yana duba fuskokin mutane.

"Kai ne Nura? Kawo jakar. Ka ci abinci? Kada ka ce mini e, fuskarka ta riga ta amsa."

Da muka shiga tsohuwar motarsa ya tayar, sai wata murya mai kauri ta Bature ta cika motar, da kiɗan gita a hankali kamar tafiyar doki. Na dubi hularsa, na dubi carbin da ke rataye a madubi, na rasa yadda zan haɗa su. Ya lura da ni, ya yi murmushi.

Wata uku na yi a ɗakin sama na gidansa, ɗakin da ɗalibai da yawa suka kwana kafin ni da bayana. Shi ya kai ni na yi rajista da GP, wato likitan unguwa. Shi ya koya mini ranar da council, wato ƙaramar hukuma, ke kwashe shara da kalar kwandon da ake fitarwa, ya ce maƙwabtan Turawa za su yafe maka komai ban da wannan. Rubutun farko da na yi wa malamaina ya karɓa ya bi shi da jan biro, alhali ba fanninsa ba ne, ya maido mini ya ce, "Ban fahimci abin da kake nufi ba, kuma ina zargin kai ma ba ka fahimta ba." Na ji zafi a ranar, amma gaskiya ya faɗa. Ranar da zan bar gidan na tambaye shi abin da zan yi in nuna godiya, sai ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, kuma kowa ya bi ta ɗakin nan shi aka gindaya masa: duk garin da ka koma, ka zauna ka rubuto wasiƙa da hannunka, ka manna mata kan sarki, ka jefa a akwatin gidan waya.

"Baba, ai ga waya," na ce.

"Saƙon waya ana yin sa ne a tsaye," in ji shi. "Wasiƙa sai mutum ya zauna."

Tara kan sarki shi ne abin da ya fi ƙauna bayan iyalinsa da ibadarsa. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne, kuma yana yaro yakan bi shi tasha su tari buhunan wasiƙu idan jirgi ya iso. Tun daga lokacin ya fara, bai daina ba. Ranar Lahadi da hantsi zai shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, ya zuba ruwan ɗumi a kwano, ya jiƙa guntayen ambulan har kan sarkin ya saki da kansa, ya ɗauke shi da hantsaki ya shanya. Hajiya ta yi faɗan kwanon nan har ta gaji ta bar masa shi. Amma wasiƙun 'ya'yansa na ɗakin sama ba ya jiƙa su. Waɗannan da ambulan ɗinsu yake ajiyewa a kundi na daban, ya rubuta sunan mutum da garinsa da fensir a ƙasa. Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya ajiye kan sarkin da ba a buga wa hatimi ba. Yakan ce, "Kan sarkin da bai yi tafiya ba, hoto ne kawai."

Waƙoƙin country kuwa, irin waɗanda na ji a motarsa, tun yana makaranta a Kaduna ya fara jinsu a rediyo. Na taɓa tambayarsa me ya haɗa Bazamfare da waƙar masu hular kaboyi. Ya ce in saurari abin da suke faɗa, in daina kallon hular. "Manoma ne da makiyaya irin namu. Ruwa bai sauka ba, uwa ta tsufa, yaro ya bar gida ya hau jirgin ƙasa bai dawo ba. Wanne ne ba ka sani ba a ciki?" Ba kowa ke jin daɗin wannan ɗabi'a tasa ba, kuma ya sani. Akwai wani bawan Allah da yakan ɗauka a mota duk Juma'a zuwa masallaci. Ran farko mutumin ya ce masa bai dace dattijo kamarsa yana jin kiɗa ba. Baba bai yi musu ba, ya miƙa hannu ya kashe, ya ce, "Motata ce, amma kunnenka ne." Shekara da shekaru yana ɗaukarsa, kuma duk ranar Juma'a motar shiru take.

Bayan na gama a Birmingham na koma Manchester na yi digiri na uku. Na zauna a unguwar Hulme, na rubuta masa wasiƙa daga can. Da na yi aure na sami aikin koyarwa muka koma Withington, na sake rubuta wata. Daga nan sai zumuncin ya koma na waya da na sallah zuwa sallah, ko da yake tsakaninmu bai wuce tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgi ba.

A farkon bazarar da ta wuce ya ji cewa zan je Amurka wani taron masana, sai ya kira ni da kansa. Ban taɓa jin muryarsa da ɗoki irin na ranar ba. Ya ce gidan wayan ƙasar ya fitar da kan sarki na tunawa da mawaƙin da ya fi so, mai muryar nan da na ji ranar da ya ɗauko ni daga tasha, wanda ya rasu shekaru da suka wuce.

"Ka ga duniya, Nura. Mun taso muna cewa kan sarki, yau ga kan mai gita. Mutum ya yi waƙar talakawa har ya zauna inda sarki ke zama."

"Baba, wannan ai online zan iya samo maka shi yau ɗin nan."

"Na san online. Zainab ma haka ta ce. Ba shi nake so ba. Idan ka je, ka shiga gidan waya da ƙafarka, ka saya, ka rubuta mini ko layi biyar ne, ka manna, ka jefa a can. Ina son hatimin garin a kansa. Na riga na bar masa wuri a kundi."

Na ce in sha Allahu, abu mai sauƙi.

Kuma da sauƙin. Wannan shi ne abin da ke cina har yanzu. A rana ta biyu da isata na fita lokacin hutun rana, na sami gidan waya, na bi layi, na sayi falle guda cur, kowane ɗaya da fuskar mutumin da gitarsa. Na sayi ambulan. Abin da ya rage kawai in zauna in rubuta. Sai na ce ba zan yi wa Baba rubutun gaggawa ba, bari in sami natsuwa. Natsuwar ba ta zo ba. Na gabatar da takardata, na bi manyan malamai ina gaisuwa ina neman a san da ni, na yi yawon sayen tsaraba. Sai da na zauna a cikin jirgin dawowa na buɗe jaka neman abin kunne, na ga fallen yana kallona.

Kwana goma da dawowata ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Wasiƙar ba ta iso ba tukuna."

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Da na ce masa na manta, da ya yi mini faɗa na minti biyu ya wuce. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Na aiko, Baba. Ƙila gidan waya ne, ka san su."

Ya ce, "To, za ta zo. Wasiƙa ba ta ɓata, sai dai ta yi nisan kwana."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kare mutuncin gidan waya, na sa shi zarginsu. Hajiya ta gaya mini daga baya cewa kullum da hantsi yakan tsaya a bakin taga har mai raba wasiƙu ya wuce. Da aka yi wata guda ya fita ya tare shi a ƙofa ya tambaye shi ko yana sa wasiƙun gidan a wata lamba. Ya sa rigar sanyi ya hau bas ya je ofishin da ake tantance wasiƙun unguwar, ya cika takardar ƙorafi da hannunsa. Duk lokacin da ya kira ni yakan ba ni labarin inda aka kwana, ni kuma ina cewa "Allah ya kyauta," fallen yana cikin jakar da nake rataye da ita. Kowace rana ƙaryar tana ƙara nauyi, kuma saboda ita na daina zuwa Birmingham gaba ɗaya. Aka yi sunan jikarsa ban je ba, na ce aikin jami'a ne ya riƙe ni.

Mai ɗakina ce ta gaji da ni. Ta ga ina shirin ba wani abokin aikina da zai tafi Amurka ambulan ɗin ya jefa mini a can, ta ce, "Wato za ka ɗinke ƙarya da ƙarya. Dattijon nan ya ba ka ɗaki lokacin da ba ka da kowa. Ka kira shi." Na yi fushi da ita kwana biyu, a na uku na kira.

Na faɗa masa komai ban rage ba, har da dabarar abokin aikin.

"Nura, kan sarki ba komai ba ne," ya ce. "Abin da ya dame ni, ka bar ni na ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Mutumin nan shekara nawa yana kawo mini wasiƙa cikin ruwa da sanyi."

Na ba shi haƙuri, na ce ko in bar abokin nawa ya jefa, tunda dai hatimin yake so.

"A'a. Hatimi zai ce kana can, alhali kana Withington. Kada ka sa hatimi ya yi maka ƙarya shi ma." Sai muryarsa ta sassauta. "Ka kawo shi da hannunka. Daga Amurka zuwa Manchester, daga Manchester zuwa nan, ai ya yi tafiya. Zan karɓa a haka. Ka zo ka ci tuwo, Hajiya tana cigiyarka."

Ya karya dokarsa ta shekara sittin don ya sauƙaƙa mini hanyar dawowa. Washegari, in ji Hajiya, ya tsaya a ƙofa da ƙunshin dabino har mai raba wasiƙun ya iso, ya ba shi haƙuri, ya ce kuskuren daga ɓangarenmu ne. Bai ambaci sunana ba. Ya sake hawa bas ya je ya janye takardar ƙorafin.

Ni kuwa na ce Asabar. Asabar ta zo ina da takardun jarrabawa da zan duba. Ta biyu yarinyarmu ta yi zazzaɓi. Ta uku babu wani dalili, kunyar haɗa ido da shi ce kawai, na aika masa saƙo a tsaye cewa mako mai zuwa ba fashi. Ya amsa da kalma biyu: "Allah kaimu." Allah bai kai mu ba.

Na ce ina jin haushinsa shi ma, kuma ba zan janye ba. A gidan makoki Zainab, wadda aikinta harhaɗa magunguna ne, ta gaya mini cewa ya fi wata shida yana dafe ƙirji idan ya hau bene. Sau biyu tana karɓar masa appointment wurin GP, sau biyu yana kira a ɓoye yana sokewa. Da ta ritsa shi sai ya ce akwai waɗanda suka fi shi buƙatar layin. Mutumin da ya ja ɗalibai da hannu zuwa wurin likita, wanda idan ya ji ka yi tari sau biyu zai hana ka sakat, shi ne ya ƙi zuwa. Na san ajali ba ya jira, kuma na yi imani da haka. Amma da ya ce mini ko sau ɗaya, "Nura, jikin nan ba daɗi," da a ranar zan hau jirgi. Ya zaɓi ya yi mini maganar tuwo.

Saboda a gida ya rasu ba zato, sai da hukuma ta yi bincikenta kafin a ba mu gawa. Kwana uku Faruk, babban ɗansa, yana kan waya daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce masa a jira takarda. Hajiya tana zaune a kan darduma ta ce, "A garinmu da yanzu ya kwana biyu a makwancinsa." Sai ranar Juma'a bayan an sauko muka sallace shi muka kai shi. Ƙasar a jiƙe take, tana manne wa shebur.

A zaman makoki, cikin masu addu'a, wani ya ɗaga murya ya ce Allah ya yafe wa Injiniya kaɗe-kaɗen nan da ya ɗora wa kansa da wasa da takardu kamar yaro. Na ɗaga kai na ga mai maganar. Bawan Allahn nan ne da aka yi shekaru ana kai shi masallaci cikin mota shiru. Na ciji leɓe, don ba wurin magana ba ne, kuma kowa yana buƙatar a roƙa masa gafara. Amma na so a ce cikin duk abin da zai tuna, ya tuna da hannun da ya miƙa ya kashe rediyon. Na kuma duba ɗakin ina neman fuskokin 'yan ɗakin sama. Waɗanda suka koma gida ko wata ƙasa suna da uzuri. Amma akwai da yawa a Leeds da London da nan Manchester da suka turo saƙon ta'aziyya a group ɗinmu na waya, irin wanda ake kwafowa a liƙa, suka ci gaba da harkokinsu. Na fara jin zafinsu, sai na tuna ni wane ne da zan yi magana.

Bayan addu'ar bakwai maganar kundayen ta taso. Suna cikin kabad a ɗakin cin abinci, sun kai goma sha. Faruk, wanda Hausarsa ba ta da ƙarfi, ya ja ni gefe.

"Yaya Nura, honestly, me za mu yi da su? Mum ba za ta zauna a gidan nan ita kaɗai ba, kuma flat ɗin Zainab babu space. Na ce ko charity shop."

Raina ya ɓaci da jin zai ba shagon gwanjo su kyauta, na ce masa aikin shekara sittin ne yake magana a kai. Ya ce, "To ka ɗauka." Ban iya ɗauka ba, don ni ma ɗaki biyu gare ni da yara uku. Zainab ta kira wani Bature da ya san harkar ya zo ya duba. Ya sa madubi a ido yana ƙirga haƙoran kan sarki, ya buɗe kundin wasiƙu ya rufe cikin minti ɗaya, ya ce ba irin waɗanda ake nema ba ne. Bai karanta ko suna ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta da fensir ba. Ba laifinsa ba ne, amma na ji kamar in karɓe kundin daga hannunsa.

Da ya tafi na fito da fallen daga jaka na miƙa wa Hajiya. Ban yi bayani ba, ta riga ta san labarin. Ba ta karɓa ba.

"Ni shekara arba'in ina kallonsa yana yi, ban koya ba. Ga hantsakinsa can. Ka sa da kanka."

Na buɗe kundin ƙasashen waje na sami shafin. Ya ja layi huɗu da fensir ya yi ɗan gida, ya rubuta sunan mawaƙin a ƙasa, a gefe kuma ya rubuta "Nura". Na yage guda ɗaya daga fallen, har na ɗan ci gefensa, abin da da yana nan sai ya karɓe hantsakin ya ce in matsa. Na sa shi a karkace. Hajiya ta leƙo ta duba.

"Da ka zo da wuri, da ka ga murnarsa," ta ce. Ba ta faɗa da faɗa ba, kuma ba ta ƙara komai don ta sanyaya mini ba. Ta juya ta ce wa Zainab ta zubo mini abinci.

Ina cin abincin da ƙyar ta kira Faruk ta yanke hukunci. Ta ce ba wanda zai taɓa kundayen sai ta fita takaba. Na ƙasashen waje ta bar wa 'ya'yanta su yi shawara. Amma kundin wasiƙu nata ne, kuma ga abin da za a yi da shi: duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin sama ya rubuto wa Injiniya, ya zo ya karɓi wasiƙarsa. Faruk ya ce ai za a iya aika wa kowa tasa, ya fi sauƙi. Ta ce, "Ba na aikawa. Wanda ke ƙasar nan ya zo da ƙafarsa, ya gaishe ni, ya yi wa mai gidan addu'a, in ba shi. Kun daɗe kuna cewa kuna nan tafe." Ta dube ni ta ce tunda ni ne mai rubutu a cikinsu, in sanar. Wasiƙuna guda biyu kuwa ta ce sai na dawo wani zuwan.

To, na sanar. Wanda ya karanta wannan ya san yana cikinsu, Hajiya tana nan a gidan da ya sani har ta gama idda, bayan nan ba mu san inda za ta koma ba. Ban rubuta laifina don a ce na yi jarumta ba. Na rubuta ne saboda na san ba ni kaɗai ne mai Asabar ba, kuma abin da na rasa ba zan so wani ya rasa irinsa wurin wadda ta rage mana ba. Baba ya yafe mini a waya, na ji da kunnena, amma ban zauna a gabansa na sunkuyar da kai ba, kuma wannan zama ba zai ƙara samuwa ba.

Ya Allah, bawanka Garba ya zo gare ka, kai ne ka fi mu saninsa. Mun shaida yana tsayar da salla, yana ciyar da baƙo, yana tsoron ya zalunci ko da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka sa ƙasar baƙunci da ya kwanta a cikinta ta zame masa dausayin Aljanna. Ka haɗa shi da iyayensa da ya yi shekaru yana kewa.

Ka ba Hajiya Binta haƙuri da lafiya, ka zame mata abokin hira a wannan takaba da take yi a ƙasar da maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci. Ka cire wa Zainab tunanin cewa da ta matsa masa da ya rayu, domin ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ka ƙarfafi Faruk a kan nauyin da ya faɗo masa, ka raya jikokin bisa tarbiyyar kakansu ko da ba su ji harshensa ba. Mu kuma da muka ci tuwon gidan nan muka yi nisa, ka yafe mana sakacinmu, ka ba mu ikon gyara abin da ya saura tun da sauran lokaci. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.